Yaya zan rabu da wuta-wuta, tofa da aya-aya ba tare da feshin maganin ciyawa ba?

Ɗan Dakace ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida iyayena da yayyena manoma da ke wannan zaure, tare da fatan an yi kaka lafiya, Allah ya sa albarka a abin da aka samu. Ina da gona mai kimanin eka biyu a wajen Dakace, kusa da Zariya, kan hanyar Jos, wadda muka gada daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, kuma tun yana raye dawa da masara ake shukawa a cikinta kusan kowace damina. Ciyayi iri uku ne suka hana ni sakat a gonar nan, shi ya sa na zo neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin ƙasa.

Ta farko ita ce wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji. A tudun gonar dawa takan tsaya cak tun ba ta kai gwiwa ba, ganyenta ya yi ɗorawa ya nannaɗe ko da ana ruwa, sa'an nan daga ƙarshen Agusta zuwa Satumba furen nan mai ruwan hoda ya rufe kunyoyi. Abin da na girba bana a wannan ɓangaren bai kama ƙafar abin da mahaifina yake samu ba. Ta biyu tofa ce, a gefen da aka bari ya huta na wasu shekaru. Ana sa mata wuta da rani, amma da zarar ruwan farko ya sauka sai ta dawo fiye da yadda take, kuma yanzu ta fara kutsawa cikin kunyoyin da ake nomawa. Ta uku aya-aya ce, a ɗan lambun da ke kusa da rijiya, inda maiɗakina take shuka albasa da karas da alayyafo. Idan aka nome ta yau, kafin mako ya zagayo ta sake leƙowa.

Duk wanda na yi wa magana sai ya ce in sayi maganin feshi in huta. Ni kuwa ina da dalilan da suka sa ba na so. Rijiyar da ke lambun ita muke sha idan muna gona, yara suna shiga ko'ina ba takalmi, awakinmu ciyawar gonar suke ci, kuma tafasa da lalo da gasaya da iyali ke tsinka don miya da kwaɗo a tsakanin kunyoyin nan suke fitowa da kansu. Ina roƙon duk wanda ya taɓa cin galabar ɗaya daga cikin ciyayin nan ba tare da magani ba ya bayyana mini yadda ya yi, da lokacin da ya kamata a fara, tun da yanzu aka kwashe amfanin gona kuma ƙasa ba ta gama bushewa ba.

Tsohon Malamin Gona, Samaru, ya rubuta:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa albarka a abin da ya bari. Ɗana, abu na farko da nake so ka riƙe shi ne, ciyayin nan uku ba a sama ƙarfinsu yake ba. Kowace tana da ajiya a ƙarƙashin ƙasa wadda take komawa ta ɗebo duk lokacin da aka sare ta. Ajiyar wuta-wuta iri ne, ta tofa saiwa ce mai tafiya a kwance, ta aya-aya kuwa 'ya'yan nan ne masu tauri da kake tonowa. Duk aikin da bai rage wannan ajiya ba, ko da fartanya aka yi shi ko da feshi, share fuskar gona kawai ya yi na ɗan lokaci. Tun da ajiyar ba iri ɗaya ba ce, dabarar ma ba za ta zama ɗaya ba, har ma abin da ke kashe wata yana iya yaɗa wata. Zan tsaya a kan wuta-wuta domin ita ce ta fi cin amfaninka, kuma a kanta na fi yin aiki da manoma.

Wuta-wuta ba ta da saiwar da za ta ciyar da kanta. Irinta ƙanana ne ƙwarai, da ƙyar ido yake rarrabe su da ƙura, kuma ba sa tsira don kawai an yi ruwa. Sai sun sha danshi da ɗumi na wasu kwanaki, sa'an nan sun ji wani sinadari da saiwar dawa, gero, masara ko rake ke fitarwa a cikin ƙasa. Da zarar ƙwaya ta tsira, kwanaki kaɗan gare ta ta sami saiwar da za ta manne wa, idan ba ta samu ba ta mutu, domin ba ta da guzurin da zai riƙe ta. Idan kuwa ta manne, sai ta shafe makonni a ɓoye tana zuƙar ruwa da abinci daga jikin dawar kafin ta huda ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa ka ga dawarka ta tsaya ta yi ɗorawa tun ba ka ga ko ganye ɗaya na wuta-wuta ba: mafi yawan ɓarnar ta riga ta auku kafin ta bayyana. Tsiro guda da aka bari ya yi fure ya nuna yana iya zubar da iri 50,000 ko fiye, kuma irin yana iya jira a ƙasa shekara 10 ko sama da haka. Gonar da ake shuka dawa da masara a kai a kai tun zamanin mahaifinka, kowace damina ƙara wa wannan ajiya ake yi.

Saboda haka cire wuta-wuta da hannu ba dawar bana yake ceta ba, ta baɗi da ta shekarun da ke biye yake ceta, kuma rashin fahimtar wannan ne yake sa manoma da yawa su yi shekara guda suna cirewa, su ga babu canji, su watsar. Ka cire ta da zarar ta kai tsawon da hannu zai kama, kafin fure ya buɗe, ka kuma riƙa zagayawa duk bayan mako biyu, domin ba lokaci ɗaya suke fitowa ba. Wadda ta riga ta yi fure kada ka jefar da ita a kwarin kunya, domin irin yana iya ƙarasa nuna a jikin tsiron da aka tuge. Ka zuba a buhu, ka kai rami a gefen gona ka ƙona. Yanzu ma da aka yi girbi, ka bi tudun nan ka tattara waɗanda suka rage a tsaye, da sassafe kafin iska ta tashi, a hankali ba tare da karkaɗawa ba.

Wannan yana hana sabon iri shiga. Rage tsohon irin da ke kwance kuwa aikin shukar da ke yaudararsa ne. Saiwar waken soya, da ta auduga, da ta gyaɗa, suna fitar da sinadarin da ke tayar da irin wuta-wuta, amma wuta-wutar hatsi ba ta iya manne musu, don haka sai ta tsira ta mutu da yunwa. Ba kowane irin soya ne yake da ƙarfi ɗaya a wannan aiki ba. Wanda aka fi sani da shi a ƙasarmu shi ne TGX 1448-2E, wanda IITA, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, ta samar. Shawarata ita ce baɗi kada ka sa ko ƙwaya ɗaya ta hatsi a tudun nan. Ka shuka soya daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, a cike, tazarar santimita 5 tsakanin tsiro da tsiro a kan layi, domin yawan saiwa shi ne yawan irin da za a tayar. Ka kuma lura da gyauron dawa da masara da zai fito a ciki, da ciyawar gyazama, ka tuge su tun suna ƙanana, domin wuta-wuta tana iya rayuwa a kansu ta zubar da sabon iri, aikin shekara ya tashi a banza. A gonar da ta kamu kamar taka, da ni ne damina biyu a jere zan yi ba hatsi: soya, sa'an nan gyaɗa ko soya kuma. Ba asara ba ce, tun da a Zariya soya ba ta kwantai, ga masu haɗa abincin kaji ga masu awara, kuma tana bar wa ƙasa ƙarfin da hatsin da zai biyo baya zai amfana da shi.

Ƙarfin ƙasa shi ne ɗaya ɓangaren maganar. Hatsin da ke cikin yunwar sinadaran naitirojin da fosfaras ya fi fitar da abin da ke tayar da wuta-wuta, shi ya sa kullum a gajiyayyar ƙasa take yin kaka-gida, da wuya ka gan ta da yawa a gonar bayan gida da ke shan shara da toka da kashin dabbobi. Duk takin gargajiyar da za ka iya samu, tudun nan ya kamata ya fara ci. Takin zamani ma ba maganin ciyawa ba ne, abincin shuka ne, don haka idan kana da hali ka haɗa su.

Idan lokacin komawa hatsi ya yi, ka fara da masara mai jure wuta-wuta. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ta fitar da irin su SAMMAZ 15 da SAMMAZ 16 saboda wannan matsala, ga ta nan kusa da kai. Sai dai ka sani, juriya ba ta nufin wuta-wuta ba za ta fito ba. Masarar za ta ba da amfani duk da ciyawar tana jikinta, kuma nan ne haɗarin yake, domin manomi yakan ga zangarniya ta yi kyau ya daina cirewa, ƙasa kuwa tana ci gaba da cika da iri.

Hajiya Mai Lambu, Tudun Wada, ta rubuta:

Assalamu alaikum. Malam, Allah ya saka da alheri, mun ƙaru. Ni a kan aya-aya zan yi magana, domin na daɗe ina fama da ita a lambun bayan gidana, kuma ina roƙon ɗana mai tambaya ya isar wa maiɗakinsa wannan bayani, tun da ita ce mai aikin.

Idan aka tona a hankali za a ga 'ya'yan aya-aya a jere suke kamar carbi, wani siririn zare mai tauri ya haɗa su. Muddin zaren yana nan, ɗaya ko biyu ne kawai suke tsira, sauran suna barci. Ranar da fartanya ta tsinka zaren, kowane ɗa sai ya farka ya fitar da nasa ganyen, shi ya sa mai noma yake ganin kamar nomansa ne yake ƙara mata yawa, kuma a gaskiya haka ɗin ne idan ƙasa tana da danshi. Lambu kuwa kullum cikin danshi yake, damina da rani, saboda haka aya-aya ba ta taɓa haɗuwa da abin da ya fi kashe ta ba, wato bushewa.

Abin da ya yi mini aiki shi ne raba lambun gida biyu, in hana rabi ruwa ɗungurungum da bazara. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ranar Zariya ta fi zafi, sai a kafce wannan rabin da zurfin taƙi guda ko fiye kaɗan, domin yawancin 'ya'yan a nan sama suke, a farfasa hoge, a bi da manjagara a tsince waɗanda ido ya gani a zuba a bokiti a ƙona. Sauran a bar su a rana, a riƙa juya ƙasar duk bayan mako guda domin na ƙasa su hau sama. Ɗan aya-ayar da ya yi kwanaki a fili yana shan rana har ya bushe ƙayau ba ya sake tsira. Shekara mai zuwa sai a yi wa ɗaya rabin haka.

Waɗanda suka tsira daga wannan, dabararsu ita ce kada a bar su su huta. Ɗan aya-aya da abincin da ya tara yake fitar da ganyen farko, kuma ba ya fara mayar da abin da ya kashe sai ganye ya kai biyar ko shida. Idan ana tuge tsiron kafin nan, duk bayan mako biyu ba fashi, ajiyar tana ƙarewa. Idan aka yi sakaci na wata guda kuwa, ta riga ta ɗaura sababbin 'ya'ya.

Akwai kuma batun abin da ake shukawa. Albasa da karas ganyensu siriri ne, ba sa yi wa ƙasa inuwa, aya-aya kuma ba abin da take so kamar rana. A fangalin da ta fi yawa, a ɗage albasa na shekara guda a sa dankalin Hausa ko kabewa, ko a watsa rama a cike, duk abin da zai rufe ƙasa ruf. A hanyoyin da ke tsakanin fangali kuma ina shimfiɗa kwali ninki biyu ko uku in zuba ɓuntun shinkafa a kai. Ciyawa ko ɓuntu kaɗai ba sa tare ta, tsininta yana huda su, har baƙar leda ma yana hudawa. Balasa ma, idan kuna da ita a lambun, kada a bar wadda aka nome a kan ƙasa mai danshi, domin kowace gaɓa tana sake yin saiwa; a kwashe ta a ba awaki.

Manomin Giwa ya rubuta:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, Hajiya barka da ƙoƙari. Ina da abin faɗa a kan tofa, amma kafin nan ina so a faɗa wa ɗan'uwanmu gaskiyar nauyin abin da ya ɗauko. Mutanenmu ba don ƙaunar guba suka rungumi feshi ba. Kuɗin ƙwadago ne ya yi tsada, matasa sun koma acaɓa da birni, gayya ta ja baya, kuma noman firi da maimai a lokaci ɗaya suke zuwa wa kowa, ranar da kake neman ma'aikata ranar kowa yake nema. Mai hekta goma ba zai iya bin kowace kunya da hannu duk mako biyu ba, kuma bai kamata a ɗauke shi a matsayin wanda bai damu da lafiyar iyalinsa ba. Eka biyu kuwa abu ne mai yiwuwa ga mutum da iyalinsa, musamman idan zai sami hayar garmar shanu don huɗa, saboda haka ina goyon bayan niyyarsa, da sharaɗin ya san aikin shekaru ne.

Game da tofa, wutar da ake sa mata taimakonta ake yi. Wuta ganye kawai take ci, saiwar tana ƙasa lafiya lau, kuma bayan an ƙone sauran ciyayi da ƙananan itatuwan da za su yi mata inuwa, sai fili ya zama nata ita kaɗai, ta yi sabon toho har ta yi fure. Haka nan sa mata haro na tarakta da damina kuskure ne, domin yana daddatsa saiwar, kowane guntu mai gaɓa ya zama sabon tushe, a kuma ja shi zuwa inda babu ita a da.

Lokacin tonon ta shi ne yanzu. Ƙasar wajenmu idan hunturu ya kama ta takan ƙeƙashe har sai diga, don haka wanda ya jira Janairu ya makara. A yanke ganyen da lauje tukuna, ba ya ɓaci, ana jinka da shi. Sa'an nan a kafce da garma da zurfi, a kifar da hoge yadda fararen saiwoyin za su kalli sama, a bi da manjagara a janye abin da ya janyu a tara a ƙona, sauran a bar wa hunturu da bazara su busar. Ka fara daga bakin da take kutsawa cikin gonarka ka tura ta baya, ba daga tsakiyar dajin tofar ba, kuma kada ka buɗe fiye da abin da za ka iya rufewa da shuka a damina mai zuwa.

Rufewar nan ita ce rabin aikin, domin tofa ba ta jure inuwa. A kudancin Jamhuriyar Benin manoma sun karɓo gonakin da tofa ta cinye ta hanyar shuka mukuna, wato ɗan'uwan ƙarara wanda ba ya ƙaiƙayi, mai yaɗo ya haye kan ciyawa ya danne ta. Idan ka sami irinsa ka shuka da farkon damina, ka sare tofar da ta sake fitowa sau ɗaya ko biyu har yaɗon ya haɗe, amma kada a ci ƙwayarsa kamar wake, tana da sinadarin da ke cutarwa idan ba a sarrafa ta ba. Idan bai samu ba, wake mai yaɗo irin kanannado a cike, ko lablab, wani ɗan'uwan wake mai yaɗo, ko dankalin Hausa, duk suna aiki, ko da yake ba su kai shi danniya ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a tone tofa a kuma shuka masara da tazara mai faɗi a wurin a shekarar farko. Hasken da ke ratsawa ya ishe ta farfaɗowa.

Ɗan Dakace ya sake rubutawa:

Baba Malam, Hajiya, da yayana na Giwa, Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi mai amfani. Zan fara da tofa a makon nan tun ƙasa tana karɓar garma. Tambayoyi uku suka rage mini. Baba, wake na cikin abin da ke yaudarar wuta-wuta kuwa, tun da na taɓa ganin wata irinta a gonar wake? Sa'an nan kashin shanun da nake saye daga ruga, ba zai dawo mini da irin ciyawar da nake kora ba? Na uku, wani ya ba ni shawarar in watsa gishiri ko in zuba baƙin mai a inda aya-aya ta fi yawa, ya ce ai waɗannan ba maganin feshi ba ne.

Tsohon Malamin Gona, Samaru, ya amsa:

Ɗana, bari in fara da ta ƙarshe domin ita ce mai haɗari. Kada ka kusanci lambun da gishiri ko baƙin mai. Gishiri ba ya ruɓewa. Yana zama a ƙasa ya hana saiwar kowace shuka shan ruwa, ya sa ƙasa ta daskare, abin da ruwa ya wanke kuma ya gangara wajen rijiyar da kake ƙoƙarin karewa. Albasa da karas za su riga aya-aya mutuwa. Baƙin mai kuwa ya fi wasu magungunan feshin ma illa ga ƙasa da ruwa. Tafasasshen ruwa yana da amfani ga ciyawar da ta fito a tsagar daɓe ko gindin katanga, amma ba ya kai wa ga 'ya'yan da ke zurfin taƙi guda. Hanyar da Hajiya ta bayyana ita ce daidai.

Abin da ka gani a gonar wake gaskiya ne, amma wata wuta-wuta ce daban. Ta wake gajeruwa ce, ganyenta ƙanana manne da kara, kuma ba ta kama dawa ko masara, kamar yadda ta hatsi ba ta kama wake. Akwai kuma wata 'yar'uwarsu mai furen ɗorawa da ke kama wake da gyaɗa a yankinmu. Don haka wake yana iya taimakawa wajen rage wuta-wutar hatsi, sai dai idan ƙasarka tana ɗauke da irin tasa, ka rage wata ka ciyar da wata. Mafita ita ce ka nemi irin da aka tace don wannan, kamar SAMPEA 10, wanda aka fitar a 2008. Kanannadon da ɗan'uwanmu na Giwa ya ambata ka bar shi a gefen tofa, inda inuwarsa ake bukata, ka riƙa duba gindinsa. Ina kuma tare da shi a kan maganar ƙwadago. Shi ya sa ban ce ka juya gonar duka a shekara ɗaya ba, tudun kawai.

Tsoronka game da kashin shanu yana da tushe. Shanun da suka yi kiwo a gonakin da suka kamu bayan girbi suna ɗaukar iri a kofato da cikinsu, kuma karan dawa da aka kwantar a ƙasa mai wuta-wuta yana zuwa da nasa. Kada ka watsa ɗanyen kashi kai tsaye. Ka haƙa rami a inuwa, ka jera kashin da shara da toka hawa-hawa, ka yayyafa ruwa ya yi danshi ba jagab ba, ka rufe, ka juya shi duk bayan mako biyu ko uku domin na gefe ya shiga tsakiya. Idan ka cusa hannu ka ji zafin da ba za ka iya jurewa ba, ya kai wajen digiri 55 zuwa 60, kuma wannan zafin yana kashe mafi yawan irin ciyawa. Wanda aka haɗa a Janairu zai nuna kafin shuka. Kashin kajin gidan gona, waɗanda ba sa fita kiwo, ya fi tsabta ta wannan fuska, kuma ba ya wuyar samu a kewayen Zariya, amma shi ma a bar shi ya huce kafin ya taɓa shuka.

Akwai ƙofa ɗaya da ba ka tambaya ba, kuma ta nan wuta-wuta ta fi shiga sabuwar gona: irin shuka. Dawar da aka yanke aka zube a ƙasa a gonar da ta kamu, ko aka sussuke a nan, tana kwasar irin wuta-wuta a jikinta, mai shuka ya kai shi da hannunsa inda babu. Kada ka ɗebi irin baɗi daga abin da ka girba a tudun nan, kuma kada ka sayi na awo a kasuwa ka shuka. Idan za ka ajiye naka, ka zaɓi zangarniya tun tana tsaye a ɓangaren da ba shi da ciyawar, ka yanke ta kai tsaye cikin buhu, ka shanya a kan tabarma ko tamfol. Garma da fartanyar da aka yi aiki da su a tudun kuma a kankare ƙasar jikinsu a wanke kafin a shiga da su lambu ko gonar maƙwabci.